Tayar da Tsohon Fiyanon Analog a Ƙauye: Wuta, Batir, Ƙura da Saitin Murya

A cikin kayan Baljiyam da ake saukewa a kasuwar Alaba ta Legas, wasu su gangaro har Sabon Gari a Kano, jefi-jefi akan tsinci wani irin fiyano mai nauyi, ba shi da sifika, fuskarsa cike da mamurɗai da silaidu, wato maɓallan nan da ake ja sama da ƙasa. Mai kaya zai danna ya ji shiru, ya yanke hukuncin matacce ne, ya tura shi cikin tarkacen 'yan gwangwan. Galibi ba mutuwa ya yi ba. Irinsa ba ya magana sai an haɗa shi da amfilifaya ko hedifon. Sunansa sintisaiza na analog, kuma ya girmi fiyanon Yamaha PSR da ya cika situdiyoyin Zoo Road da wuraren biki.

PSR yana ɗauke da sautukan da aka riga aka naɗa, kai dai ka zaɓi lamba. Na analog babu sauti a ajiye cikinsa. Wutar lantarki ce ke kaɗawa ta haifi sautin a lokacin da ka danna: sashen VCO ko DCO ya samar da shi, VCF ya tace shi, VCA ya buɗe masa ƙofa ya rufe, ENV da LFO kuma su juya waɗannan ukun. Shi ya sa duk abin da ya taɓa wutar, zafi ne, ƙura ce, ko janareta mai hawa da sauka, kai tsaye kunnenka zai ji shi. Wanda ke Ringim ko Gaya ko Gumel, inda waɗannan abubuwa uku suka yi sansani, dole ya bi aikin bisa tsari, kuma tsarin daga wuta yake farawa.

Sunayen da ya kamata ka riƙe: Minimoog na 1970 da Prophet-5 na 1978, 'yan Amurka, sai 'yan Japan, Korg MS-20 na 1978, Polysix na 1981, Roland Juno-60 da SH-101 na 1982, Korg Poly-800 na 1983, da Juno-106 na 1984. 'Yan Japan ɗin an ƙera su da yawa, su aka fi sa ran gani. Akwai kuma Roland HS-60, wanda Juno-106 ne aka sa wa sifika don amfanin gida, mutane kan ɗauke shi fiyanon yara. Yamaha DX7 na 1983 kuwa, duk da tsufansa, na dijital ne, gyaransa daban.

Kafin ka biya

Tafi da tocila, sukundireba mai baki huɗu, da hedifon mai babban kai na milimita 6.35. Abu na farko: hana mai kaya jona shi a soket don ya nuna maka yana kamawa, domin a nan ake kashe da yawansu. Juya bayansa ka karanta farantin da aka rubuta ƙarfin wuta. Sa hanci a ramukan iska. Warin ƙuna ko zarnin fitsarin ɓera duk suna rage kuɗi. Duba sukurori: idan wasu sun ɓace ko ba iri ɗaya ba ne, wani ya riga ka shiga. Roƙi a buɗe maka. Karyayyen madanni ko murfin silaida da ya faɗi ƙaramin abu ne. Soket ɗin IC, wato ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu da yawa, da ka gani fayau babu komai, ko fanel, wato allon da kayan ciki ke like a kai, da aka ciro gaba ɗaya, shi ne babban rashi, domin wasu IC ɗin an daina ƙera su shekaru da yawa.

Wajen kai shi gida, naɗe shi da bargo ka riƙe a cinya. Kada ka yarda kwandasta ya ɗaure shi a but a ɗora buhun masara a kai.

Wuta

Wutarmu bolt 230 ce. Farantin baya zai nuna ɗaya daga cikin uku: 100V na kasuwar cikin Japan, 117V ko 120V na Amurka, 220V ko 240V na Turai. Na Turai ne kaɗai ake jonawa kai tsaye. Ka sa na 100V a soket ɗinmu, in da rabo fiyus ne zai tsinke. In babu, taransifoma ta ƙone, ko wutar da ta wuce kima ta ratsa har cikin IC.

Maganinsa sitefdawun, wato na'urar rage ƙarfin wuta, amma na gaske, mai taransifomar ƙarfe a ciki, wanda za ka ji nauyinsa a hannu. Waɗannan fiyano ba su da ci: MS-20 wajen wat 10, Juno-106 da Polysix wajen wat 25, saboda haka mai wat 100 ya isa har da ragi. Akwai wasu ƙananan marasa nauyi da ake sayar wa matafiya don dutsen guga, an rubuta musu wat 1000 ko fiye. Waɗannan datsa wutar suke yi gunduwa-gunduwa, ba rage ta ba, kuma suna lalata na'ura mai taransifoma. Kafin ka jona komai, auna bakin sitefdawun ɗin da mitar awon wuta ta masu gyara. Yawancin na kasuwa 110V suke bayarwa, wanda ya yi wa na Amurka daidai amma ya ɗan ɗara wa na Japan. Zai yi aiki, sai dai sashen wutarsa zai fi zafi, kuma a watan Afrilu ƙarƙashin rufin kwano wannan ƙarin ba ƙarami ba ne. Mai naɗin koyil da ya san aikinsa zai iya fitar maka da 100V daidai. Wasu taransifomomin na cikin fiyanon ma suna da ƙafafu da aka rubuta wa 100, 117, 220, 240. Idan naka haka yake, mayar da waya zuwa ƙafar 240 ya raba ka da sitefdawun, amma sai an canza fiyus zuwa wanda kamfanin ya tsara wa wannan wuta.

Idan ka gama, ɗaure fulogin fiyanon da sitefdawun ɗin da salatif, ka rubuta 110V da jan maka a jikin wayar. Ranar da ba ka nan ƙaninka zai zo da abokansa.

SH-101 da Poly-800 ba sa shan wutar soket, adafta mai 9V suke so, kuma irin wadda tsakiyar bakinta ke ɗauke da alamar ragi. Adaftocin dikoda da suka cika gari yawanci 12V ne, tsakiyarsu kuma alamar ƙari. Bakin zai shiga lafiya lau, ɓarnar kuma nan take. Gwajin farko yi shi da batura shida matsakaita, masu lamba C, waɗanda ba su kai na babbar tocila girma ba.

Kunnawar farko ana yin ta ne ta cikin ƙwan fitila. Nemi jan ƙwai mai zare na wat 60, irin wanda masu kiwon kaji ke ɗumama 'yan tsaki da shi. Na LED da farin nan mai murɗe ba sa yin wannan aikin. Ɗauki wayar ƙari, ka yanke igiya ɗaya tak, mai ɗauke da wuta, ka haɗa bakunan biyu da mariƙin ƙwan, ta yadda duk wutar da za ta je fiyano sai ta bi ta cikinsa. Idan akwai sitefdawun, ƙwan ya zo kafin shi. Kunna ka zuba ido. Ƙwan ya yi walƙiya sau ɗaya ya koma ja-ja ko ya dushe: lafiya, kafasitoci ne, masu tara wuta a ciki, suka sha suka ƙoshi. Ya haska sosai ya tsaya a haka: akwai inda wuta ta haɗe, kashe. Ƙwan ya shanye wutar da za ta ƙona taransifoma. Kada ka taɓa maye fiyus da zaren waya ko takardar sigari, ko da na minti ɗaya ne.

Sai tushen wutar kanta. Ta NEPA a layukan karkara takan zo ƙasa-ƙasa da yamma, ta kuma dawo da ƙarfi bayan ɗaukewa, don haka da an ɗauke kashe fiyano ka zare shi. Sitabilaiza na taimakawa, musamman mai jinkirin sakin wuta, ko da yake duk sanda ya yi ƙas ɗin nan na sauya mataki kana iya jin sautin ya ɗan yi tuntuɓe. Ƙaramin janareta shi ne mafi haɗari. In ba makawa, tayar da shi, sa masa ƙwai ko fanka ya yi minti uku ya daidaita, auna, sannan ka jona. Kuma kashe fiyano tun mai bai ƙare ba, domin lokacin da inji ke shaƙewa ne wutarsa ke tsalle. Abin da ya fi duka shi ne batirin sola da inbata mai fitar da wuta sumul irin ta NEPA. Masu arha suna fitar da wuta mai kusurwa, za ka gane su da yadda fanka ke gurnani a kansu. Suna zafafa taransifoma kuma suna cusa zizar da ba ta fita a rikodin. Lissafin mai sauƙi ne: batir 12V mai 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1200, rabi ake ci don ya yi ƙarko, saura 600. Fiyano da mikisa da ƙaramar amfilifaya su taru su ci wat 80, ka ƙara abin da inbata ke ci, kana da wajen awa shida.

Gidaje da yawa a ƙauye ba su da wayar ƙasa. Alamarta ita ce ka taɓa ƙarfen fiyano ko bakin jak ka ji yana ɗan cizo, sifika kuma na guna. Sa mai wayarin ya kafa sandar tagulla a wuri mai danshi, kusa da makwarara ko randa, ya ja waya zuwa soket ɗin ɗakin. Kullum fiyano ake fara kunnawa, sai mikisa, amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa a juya.

Buɗe ciki

Zare fulogi, jira minti biyar. Ɗauki hoton kowane lungu da waya kafin ka cire komai. Sukurori a jera su a kwalin ƙwai bisa inda suka fito, saboda dogon sukuru a gajeren rami yana huda fanel.

Lokacin hunturu, sanda bargo ke tartsatsi in ka yaye shi da dare, jikinka na ɗauke da wutar da ta isa kashe IC irin su 4051 da 'yan uwansa ba tare da ka ji komai ba. Sa rigar auduga, kauce wa tabarmar roba da kafet, taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka taɓa fanel. Wannan na lokacin da na'ura ke zare ne. In za ka yi awo tana kunne, sa takalmin roba, yi aiki da hannu ɗaya, ka nisanci wajen da wayar soket ta shigo.

Share ƙura da burushin fenti mai laushi da famfon keke. Kwamfuresan mai faci yana fesa ruwa da mai tare da iskar, ƙarfinsa kuma na tsinke ƙananan wayoyi. Kana sharewa kana duba gidan zanzaro a ramukan jak, ƙwan kyankyaso ƙarƙashin taransifoma inda ɗumi yake, busasshiyar tsaka a sashen wuta, da wayar da ɓera ya ɗanɗana.

Kusa da mashigar wuta, a wasu, akwai kafasita mai kusurwa huɗu, ruwan zuma, an rubuta mata RIFA. In ta tsattsage cire ta. Wata rana za ta fashe da hayaƙi mai wari. Fiyano zai yi aiki ba ita, daga baya ka sa sabuwa mai alamar X2 275V. Sannan auna layukan wuta. Juno-106 da Polysix suna da +15V, −15V da +5V. Layi ɗaya ya faɗi sifili, nemi abin da ya haɗe shi. A irin su Prophet-5 yawanci ƙananan kafasitocin tantalum ne, masu kama da dutsen ado. Gunan da ba ya sauyawa ko wane madanni ka danna yana nuna manyan kafasitocin sashen wuta sun bushe. Canza su da masu lambar µF iri ɗaya, bolt daidai ko sama, masu jure 105°C, ka lura da ƙafar ragi. Masu kayan gyaran rediyo na France Road suna da su. Ra'ayin nan na a canza duk kafasitocin na'ura a zama ɗaya ba mu goyon bayansa: mai koyo yakan ɗaga layin tagulla goma garin maganin cutar da babu ita, kuma in sabuwar matsala ta ɓullo ba zai san daga ina ba.

Batirin da ke cin fanel

Fiyanon da ke ajiye saiti yawanci yana da ƙaramin batir a kan fanel. Juno-106 CR2032 ne mai 3V, irin na agogon kwamfuta, an like shi da dalma. Ya sauka ƙasa da 2.7V canza shi, gara ka sa mariƙi don gaba. Kada ka ɗora ayan ɗin narkar da dalma a jikin batirin kansa, yana iya fashewa.

Polysix da ƙaninsa Poly-61 su ne masu babbar matsala. Batirinsu mai caji ne, 3.6V, kamar ƙaramar ganga, a Polysix yana kan fanel mai lamba KLM-367. Da ya tsufa yakan yi yoyo, ruwan ya bi layukan tagulla da ƙafafun IC yana ci. Alamun waje: fitilu na kamawa barkatai, maɓallan zaɓen sauti ba sa amsawa, ko kowace lamba ta ba da shirme. A ciki za ka ga farin gari a kan batirin, kore ko shuɗi a ƙafafun da ke kewaye, dalma ta dushe ta yi toka-toka. Ko fiyanon na aiki, yanke batirin nan a ranar da ya shigo hannunka.

Ruwan da ya zuba ɗan gidan kanwa ne, ba asid ba, saboda haka da tsami ake kashe shi. Ciro fanel ɗin. Shafa farin binega da tsohon burushin haƙori a duk inda ya taɓa, har da tazarar yatsa uku bayan inda ido ke gani, ka bar shi minti biyar yana ƙananan kumfa. Ɗauraye da tataccen ruwa, wanda masu cajin batir ke ƙara wa batirin mota. Tabbatar farin ruwan aka ba ka, ba mai asid ba, domin dukansu ruwan batir ake ce musu. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri. Bi da sifirit na isofurofil, ka jingine shi a inuwa kwana ɗaya da rani, kwana biyu da damina.

Yanzu aikin haƙuri. Sa mita a wurin da take ƙara in waya ta haɗu, ka bi kowane layi da ya ratsa yankin, daga ƙafa zuwa ƙafa. Layi na iya yin kyau a ido alhali ya tsinke ƙarƙashin koren fenti, musamman a ƙananan ramukan da ke kai shi ɗaya fuskar fanel. Wanda ya tsinke a ɗinke shi da siririyar waya mai riga. IC da ƙafafunsa suka yi kore a cire shi, a wanke ƙarƙashinsa, a sa soket da sabo. In an bar shi, cin zai ci gaba a ɓoye, bayan wata shida a koma gidan jiya. Wajen sa sabon batir, CR2032 ba ya karɓar caji, alhali fanel ɗin an gina shi ya riƙa cusa wa tsohon wuta. Dole a katse hanyar cajin, a sa dayod tsakanin batir da fanel ta yadda wuta za ta fita daga batir amma ba za ta koma ba. Auna a mariƙin kafin ka sa batir, fiyano na kunne: bai kamata ka ga wuta tana zuwa ba.

Muryoyi shida na Juno-106

Juno-106 na iya fitar da sauti shida a lokaci guda, kowanne da nasa IC mai lamba 80017A, wanda matatar VCF da VCA ke cikinsa, baƙi, dogo, a tsaye kamar allo. Baƙin ƙaron da aka lulluɓe shi da shi, da tsufa, yakan fara ratsa wuta. Sai ka ji sauti ɗaya cikin shida ya ɓace, ko yana tsatsa, ko ya maƙale bayan ka ɗaga yatsa. Yakan yi lafiya da sanyin safiya ya rikice bayan minti ashirin, don haka kada ka yanke hukunci sai ya ɗumama.

Danna madannai shida ɗaya bayan ɗaya kana riƙe da su, ka saurari wanda bai shigo ba. Kunna fiyanon kana danne da KEY TRANSPOSE yana shigar da shi yanayin gwaji, inda allon ke nuna lambar muryar da ke magana. Kafin ka zargi 80017A, rufe sautukan DCO ka ɗaga NOISE kaɗai. Idan shuuu ɗin ya fito a wannan muryar amma sauran sautin bai fito ba, matatar lafiya take, laifin na IC mai lamba MC5534A ne, wanda guda uku ne, kowanne na ciyar da murya biyu.

Hanya biyu ce. Ko a sayo sababbin da wasu ƙananan kamfanoni ke ƙerawa a madadinsa, ko a cire tsohon a jiƙa shi a asiton cikin kwalbar gilashi mai murfi, kwana biyu zuwa uku, har ƙaron ya yi laushi ya saɓule. Asiton tsantsa daga masu sayar da kemikal, ba na goge farce ba mai haɗe da mai. Yana kama wuta da sauri, a nisanta shi da murhu da yara. Ɓare ƙaron da tsinken sakace, ba da reza ba, ka tausaya wa ƙafafun, a gindinsu suke karyewa. Ba kowanne ke farfaɗowa ba. Wajen cire shi daga fanel yi amfani da mazuƙin dalma, kowace ƙafa ta saki da kanta kafin ka ja.

Muryar da aka gyara sai an daidaita ta da sauran. Rufe DCO da NOISE, kai silaidar RES ƙarshe har matatar ta fara fito da kanta, buɗe manhajar saita sauti a waya, ka ga inda lafiyayyun muryoyi suke a madanni ɗaya na ƙasa da ɗaya na sama, ka juya ƙananan mamurɗan wannan muryar har ta yi daidai da su. Ɗiga alamar maka a kan kowanne kafin ka taɓa shi. Shuuu ɗin da ke tashi in ka kunna CHORUS kuwa halinsa ne tun daga masana'anta.

Madannai da silaidu

Sifirit ɗin da ake so shi ne isofurofil mai kashi 99. Masu kayan gyaran waya a Farm Centre sukan samu, amma wani abin da ake ba ka a gora da sunan sifirit tina ne, yana narkar da roba yana goge rubutun fuska. Ɗiga shi a gilashi: na ƙwarai zai bushe ba tabo. Gwada kuma a ɓoyayyen gefen roba.

Madannin da ba ya kamawa a Juno-106, Polysix ko Poly-800, ƙarƙashinsa akwai zirin roba mai baƙaƙen ɗigo. Cire farare kafin baƙaƙe, kana rubuta musu lamba a ciki, kana tara sifirin a gwangwani. Ɗaga robar, goge ɗigon da inda yake sauka da auduga mai ɗan sifirit, a hankali. Sanfefa na cinye baƙin gaba ɗaya. Wanda ya ƙi, goga masa fensir 2B zai riƙe shi na ɗan lokaci. Minimoog da Prophet-5 siraran wayoyi ne ke taɓa sandar ƙarfe. Goge sandar da wayar, kada ka lanƙwasa. Madannan kansu a wanke da ruwan sabulu, su bushe a inuwa.

Silaida mai ƙarar yashi ƙura ce ta haɗu da tsohon man ciki. Fetur, kananzir, man keke da WD-40 duk an gwada su a garin nan, duk kuma suna kashe ta: ko su cinye baƙin layin, ko su zama tarkon ƙura. Hura iska, ɗiga sifirit kaɗan, ja ta sama da ƙasa sau ashirin, ka bi da man da aka yi musamman don silaida, in ba haka ba za ta yi tauri. Wadda ta ƙi sai an ciro ta an buɗe, kunnuwan ƙarfenta kuma ba sa jure lanƙwasa fiye da sau biyu ko uku. Ƙyallen da ke rufe tsagar silaidu in ya ruɓe, yanka sabo daga siririn baƙin yadi. A ƙasar da hunturu ke wata uku, rashinsa na mayar da aikin baya cikin shekara.

Saitin murya

Masu DCO, wato Juno da Poly-800, ba sa kaucewa. Masu VCO, irin Minimoog, MS-20, SH-101 da Polysix, muryarsu na bin zafi. Ba su minti 20 zuwa 30 a kunne, murfi a rufe, kafin ka saita ko ka fara rikodin, kuma kada fanka ta riƙa bugun su kai tsaye. Saitin da aka yi da asubar Janairu ba lallai ya tsaya da azahar ɗin Afrilu ba.

Idan ƙasa daidai ne amma sama ya kauce, tazarar ce ta gurɓace. Tabbatar da layukan wuta tukuna, domin in ka taɓa su daga baya komai zai rushe. Danna A na ƙasa ka kai shi 110 da TUNE, danna A na hawa biyu sama (hawa ɗaya shi ne daga A zuwa A na gaba), ya kamata ya ba da 440. Ya wuce, rage mamurɗin ciki mai suna SCALE ko WIDTH kaɗan. Bai kai ba, ƙara. Koma ƙasa ka sake saita 110, domin ya motsa, ka sake hawa. Sau huɗu ko biyar kafin su haɗu. Yi da sukundireba ta roba.

Mayar da sautuka da haɗawa

Bayan canjin batir ma'ajiyar za ta zama fanko ko shirme. Abin da take ajiyewa matsayin silaidu da mamurɗai da maɓallai ne kawai: 32 a Polysix, 56 a Juno-60, 128 a Juno-106. A da ta kaset ake loda su, yanzu waya na yi. Samo fayil ɗin sautukan masana'anta na WAV. In ta WhatsApp za a turo maka, a turo shi a matsayin takarda, domin in an matse shi ba zai karantu ba. Sa waya a yanayin jirgi, kashe duk wani gyaran sauti, haɗa bakin hedifon da ramin LOAD ko FROM TAPE, buɗe makullin PROTECT, danna LOAD, sannan ka saki fayil ɗin. Ya ƙi, sauya ƙarfin sauti mataki-mataki. Wasu wayoyin ba su da ƙarfin da ake so, sai an bi ta mikisa.

MIDI, yaren da fiyano ke magana da kwamfuta da shi, ya fito a 1983, don haka Juno-106 da Poly-800 za su yi magana da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ta wayar USB zuwa MIDI. Juno-60 da Polysix ba su da shi sai an ƙara musu. Masu murya ɗaya da CV da GATE suke aiki, wato wutar da ke faɗin wane madanni aka danna da kuma yaushe, kuma ba yare ɗaya suke ji ba: Roland da Moog bolt ɗaya ne ga kowane hawa, MS-20 wani tsari daban mai suna Hz/V yake bi, in ka haɗa su kai tsaye sautin zai fito a karkace.

Mai neman muryar sarewa a Juno ya fara da sauti mai kusurwa huɗu shi kaɗai, FREQ wajen 4, RES 1, NOISE ɗan kaɗan don hucin numfashi, a silaidun ENV kuma A a 2, S a 8, R a 2, da LFO mai jinkiri don rawar murya ta shigo bayan an riƙe. Ta algaita kuwa a matse PWM, a ɗaga FREQ zuwa 6 da RES zuwa 4, a kashe CHORUS.

Wajen ajiya, tebur ne ba ƙasa ba, nesa da bango, saboda akwatin Polysix da na Juno-60 na garin katako ne da aka matse, danshi na kumbura shi, gara ma na so. Rufe shi da zanen auduga mai kauri bayan ya huce. Leda na tara gumi da damina. Toshe ramukan jak da ba ka amfani da su da matattun kawunan jak saboda zanzaro, ajiye kafur a gefe ba a jikin roba ba, ka kuma kunna shi awa ɗaya kowane mako biyu kana motsa duk silaidu da mamurɗai daga farko zuwa ƙarshe.